Masu Tsaron Rumfa: Daga Dillalan Kurmi Zuwa Baje Kolin Abuja

A kasuwancin ƙasar Hausa, mai kaya da mai tsaron kaya ba lalle ne su zama mutum ɗaya ba. Tun zamanin fatauci attajiri yakan zauna a zaure wani ya tsaya masa a rumfa, masaƙi ya saƙa wani ya kai kasuwa, baƙon da ya koro shanu daga nesa ya miƙa su ga ɗan gari ya sayar masa. Don haka shawarar wanda za a tsayar a gaban kaya tsohuwar shawara ce, ta girmi kasuwar baje koli ta zamani da ɗaruruwan shekaru. Abin da baje koli ya zo da shi sabo shi ne ƙurewar lokaci. Rumfar kasuwa tana nan yau, tana nan baɗi, wanda aka cuta ya san inda zai koma. Rumfar baje koli kuwa kwana goma ko mako biyu take yi a rushe ta, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ake so wanda aka tsayar ya yi aikin da dillalin da yake shafe shekaru yana yi.

Jiwa wuri ne da ya dace a dubi wannan tarihi daga cikinsa. Tsohon gari ne mai sarauta, a yammacin birnin Abuja, maƙwabcin Gwagwa da Karmo da Dei-Dei, kuma yana nan tun kafin dokar 1976 da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya da ita. A da yana cikin ƙasar tsohuwar masarautar Abuja, wadda Haɓen Zazzau suka kafa bayan jihadi ya fitar da Sarki Muhammadu Makau daga Zariya, ɗan'uwansa Abu Ja ya gina garin a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Yankin yana tsakanin Zazzau da ƙasar Nufe da kogin Binuwai, inda fatake ke ratsawa. Yau kuma kasuwanni ne suka kewaye Jiwa: kasuwar kayan gini da ta katako a Dei-Dei, karar dabbobi a nan Dei-Dei ɗin, kasuwar 'ya'yan itace da ta kayan mota a Zuba. Kusan duk wani nau'in mai tsaron kaya da tarihin ya haifar ana samunsa a waɗannan wurare, daga dillalin shanu har yaron shagon tayil.

Asalin tsarin kuwa a manyan biranen arewa yake. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ake danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ba tarin rumfuna ba ce kawai. Tana da sarkin kasuwa mai raba rumfuna da karɓar kuɗinsu, kowace sana'a da layinta da shugabanta, sannan tsakanin mai saye da mai sayarwa akwai dillali. Baturen Ingila Hugh Clapperton, da ya shiga Kano a farkon 1824, ya ga wani abu da ya ba shi mamaki har ya rubuta. Riga ko turkuɗi da aka saya a Kurmi akan tafi da ita Barno ko wata ƙasa mai nisa ba a kwance ƙunshinta ba. In aka buɗe a can aka tarar ba ta kai ingancin da aka faɗa ba, sai a mayar da ita Kano, domin a cikin kowane ƙunshi an rubuta sunan dillalin da ya sayar. Dillalin zai nemo mai kayan, shi kuma mai kayan dole ya mayar da kuɗi. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ciniki mai wannan girma, a kan kayan da mai saye bai gani da idonsa ba, bai tsaya a kan daɗin bakin kowa ba. Ya tsaya ne a kan sunan da ke cikin ƙunshi.

Aikin dillali a gaban kaya yana da tsari da duk ɗan kasuwa ya sani. Mai saye ya duba kaya, dillali ya ce masa ya taya. Ya taya, in tayin bai kai ba a ce albarka, ya ƙara, a sake cewa albarka, har a zo inda dillali zai matsa gefe ya yi ƙus-ƙus da mai kaya, ya dawo ya ce an sallama. A yi musafaha, a yi addu'ar Allah ya sa wa ciniki albarka, dillali ya karɓi la'adarsa. A tsakanin tayin farko da sallamawa akwai ilmin da ba a rubuta shi ba. Dillali ya san farashin jiya da na kasuwar da ke gaba. Ya san wanda ya zo saye da wanda ya zo jin farashi kawai, tun daga yadda ya taɓa kayan. Ya san iyakar da mai kaya zai iya sauka, kuma ba ya faɗa. A karar shanu yakan buɗe bakin sa ya dubi haƙora, ya shafa tozo, ya kama wutsiya, ya faɗi abin da mahauci zai samu a jikinsa, ba kasafai yake kaucewa da nisa ba. Mutum ba ya zama haka a mako guda.

Shari'a ma ta yi wa wannan aiki shinge. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Risala, sun hana ɓoye aibin kaya, sun hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba don a ruɗi mai saye na gaskiya, sun kuma hana tarar ayari a hanya a saye kayansa kafin ya iso kasuwa ya ji farashi. A daular Sakkwato akwai muhtasibi mai duba mudu da ma'auni da algus. Ba a ce an daina cuta ba, domin da babu masu yi da ba a yi ta nanata hanin ba. Amma dai wanda ke tsaye a gaban kaya ya san akwai inda za a kai shi.

Inda tsarin ya fi fitowa fili shi ne a zango, can nesa da gida. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da suke zuwa Gwanja su sauka a Salaga, ba su baje kayansu da kansu. Sukan sauka a gidan fatoma, mai masauki, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya haɗa su da dillalansa, ya tsaya musu in ciniki ya zama na bashi. Masanin nan Abner Cohen, da ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya tarar da wannan tsari da ransa a cinikin shanu da goro. Mai shanu daga arewa bai san mahautan Yarabawa ba, shanun kuma a bashi ake sayar da su. Mai gida ne ya san wane mahauci ke biya, wane ke da bashin wani a kansa, kuma in mahauci ya gudu mai gida ne ke ɗaukar asarar, in ba haka ba baƙi su daina sauka gidansa. A ƙarƙashinsa akwai dillalai, akwai malami mai rubuta lissafi, akwai yara. Yaro yana farawa da share masauki da kai abinci da gadin garke, a hankali a fara aikensa karɓo kuɗi, a ga ko za su cika. Sai bayan shekaru ake barinsa ya tsaya a gaban kaya, mai gida kuma yakan yi masa aure ya ba shi ɗaki. Wanda aka ɗaure da irin wannan igiya ba ya sayar da mutuncin gidan a kan la'adar rana ɗaya.

Akwai kuma wani reshe na sana'ar da bai shafi amana sosai ba, wato tara jama'a. Mahauta suna da makaɗan kalangu da ke sanar da gari an yi yanka. 'Yan koli suna baje madubi da allura da turare da tsakiya a kan tabarma yadda ido zai faɗa kansu. Masu maganin gargajiya suna zuwa da kura ko maciji ko biri, a taru ana kallo, sai a fito da ƙullin magani. 'Yan talla suna da kiran da kowane kaya ya saba da shi. Dillaliya kuwa tana shiga gida gida da zannuwa da kwanoni, ta kai wa matan kulle kasuwa har ɗaka. Kasuwar Hausa ta bambance waɗannan ayyuka biyu tun da wuri: mai kiran mutane daban, mai ƙulla ciniki daban. Makaɗin pawa ba ya yanka nama, ba ya yanke farashi. Rikicin rumfunan baje koli na baya-bayan nan mafi yawansa daga haɗe ayyukan biyu a kan mutum ɗaya ya taso, ko kuma daga ɗaukar na farkon a mance da na biyun.

Baje koli irin na zamani daga Turai ya zo. Babban nunin da aka yi a Landan a 1851, cikin wani ƙaton gini na gilashi da ƙarfe, ya tara masu kallo kusan miliyan shida, ƙasashe suka shiga kwaikwayo. Amma canjin da ya fi shafar mai tsaron rumfa a Jamus ya faru. A 1895 kasuwar Leipzig, wadda ta daɗe tana ci a matsayin kasuwar da ake jibge kaya a sayar, ta koma kasuwar samfur. Masana'anta ta kawo guda ɗaya na kowane abu, ɗan kasuwa ya duba ya ba da oda, a aika masa daga baya. Daga nan wanda ke rumfa ya daina zama mai miƙa kaya ya karɓi kuɗi. Ya zama wakilin masana'anta, wanda zai bayyana yadda abu ke aiki, ya faɗi nawa za a iya yi a wata, ya yi alkawarin ranar isowa, ya rubuta. Da dillalin Kurmi ya ga wannan da ya gane shi, domin shi ma alkawari yake sayarwa a kan kayan da ke cikin ƙunshi.

Haɗuwar 'yan arewacin Najeriya da irin wannan taro ta farko mai girma ba ta yi daɗi ba. A nunin daular Birtaniya da aka buɗe a Wembley a watan Afrilu na 1924, an gina wa Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa, kwaikwayon biranen ƙasar Hausa, aka kai masu sana'ar hannu, masaƙa da dukawa da maƙera, suna aiki jama'a na kallo, a ciki kuma suke kwana. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin manyan baƙin da suka ziyarci wurin. Sai dai masu sana'ar ba su ne masu magana da baƙi a kan ciniki ba. Jami'an mulkin mallaka da kamfanonin Turawa ne ke bayanin gyaɗa da fata da kuza, su kuwa masu aikin an mayar da su wani ɓangare na abin kallo. Yadda wasu jaridun Ingila suka yi ta rubutun wulaƙanci a kansu ya fusata ɗaliban Afirka da ke Landan, har Ladipo Solanke ya rubuta ƙorafi, kuma wannan fushi yana cikin abin da ya kai ga kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, a 1925.

Bayan shekara talatin da wani abu, wata mata daga ƙasar da ta zama Babban Birnin Tarayya ta nuna yadda abin yake in mai sana'a ce da kanta take tsaye a matsayin gwana. Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada, a can ne Michael Cardew ya gan su, Baturen da gwamnati ta ɗauko don inganta sana'ar, wanda ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da a farkon shekarun 1950. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ita da kanta kuma ta zagaya Ingila, ta je Amurka a 1972, tana gini a gaban jama'a. Abin da take yi mai sauƙin faɗa ne. Ta ajiye curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta riƙa ja da shi sama tana zagaya shi da ƙafa, ba tukunyar ke juyawa ba, ita ce ke juyawa. Ta ɗora nadin yumɓu a kai ta shafe, cikin ɗan lokaci randa ta tashi. Sannan ta ɗauki ɗan ƙarfe ko tsinke ta zana ƙadangare da kunama da kada da kifi a jikinta. Ba Turanci ne ya sayar da tukwanen Abuja ba, hannun da ya gina su ne. An ba ta lambar girma ta MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma shi ne a bayan takardar naira 20.

A cikin gida, zamanin Turawa ya kawo wasu sabbin masu tsaron kaya. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, aka sami akawu da malamin kanti, mutumin da ke tsaye bayan kanta da sikeli da littafi, albashi yake ci ba la'ada ba. Amma kamfanonin da kansu sun gano akawu ba ya iya shiga ƙauye ya sayo gyaɗa, sai suka koma ga attajirai masu yara, irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya fito daga fataucin goro ya zama babban mai saye wa kamfani. En'e-en'e kuma suka fara nunin amfanin gona, inda malaman gona ke tsayawa a gaban damin dawa da buhun takin zamani suna bayani, a ba manomin da ya fi kyauta. Wannan ne baje kolin da talakan arewa ya fara sani.

Da samun 'yancin kai aka yi babban nuni a Legas a 1960, aka yi baje kolin ƙasa da ƙasa a can a 1962, sannan a 1977 aka buɗe babban filin da ke kan hanyar Badagry. A arewa, cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kaduna, KADCCIMA, ta fara nata a ƙarshen shekarun 1970, an daɗe ana yi a dandalin Murtala kafin a koma filin dindindin da ke kan hanyar Zariya, kuma a 2019 aka yi karo na 40. Kano tana yin nata a filin da ke titin gidan zu. Lokacin da aka fara na Kaduna, garin gari ne na masana'antu. Masaƙar KTL tana aiki tun 1957, ga masaƙun UNTL da Arewa, ga kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a 1975, ga matatar mai da aka buɗe a 1980. Irin waɗannan kamfanoni ma'aikatansu suke turawa rumfa: injiniyan da zai buɗe gaban mota ya nuna inji, jami'in sashen sayarwa da ke da ikon yin magana da dila a kan sari. Ɗan kasuwa daga Gusau ko Maraɗi yakan zo ne don ya samu wakilcin kamfani a garinsu, kuma yakan tarar da wanda zai iya ba shi amsa.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar naira da matsalar wuta da shigowar atamfa mai araha daga waje suka durƙusar da masana'antun. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Baje koli bai mutu ba, amma ya sauya kama, ya koma kasuwar kiri mai yawan jama'a: robobi da kayan kicin, magungunan gargajiya, turaren wuta, kilishi da kayan fata daga Nijar, kayan Ghana da Mali da Senegal da Indiya da Masar, ga lilon yara ga masu gashi. Gefe guda kuma ga rumfunan jihohi da ma'aikatu da bankuna, kowace da ranarta ta musamman da ake jawabai. Masu tsaron rumfa suka rarrabu yadda rumfunan suka rarrabu. Ƙaramin ɗan kasuwa yana zaune a kan kayansa, a nan yake kwana. Babban kamfani yana ɗaukar samari da 'yan mata na kwana goma ta hannun ɗan kwangila, a ba su riga da hula masu tambarin kamfani, a kunna lasifika, a yi rawa, a raba takardu. Rumfar gwamnati kuwa sau da yawa wanda sunansa ya fito a jerin masu alawus ne ke zaune, ko ya san aikin sashen ko bai sani ba.

Abuja ta shigo sahun a makare. Gwamnati ta tare a birnin ranar 12 ga Disamba 1991, cibiyar 'yan kasuwar Abuja kuwa an kafa ta tun 1986, tana kuma gudanar da baje kolinta a filinta da ke kan hanyar filin jirgin sama, wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. A 2023 aka yi karo na 18. Akwai kuma nunin amfanin gona na ƙasa da ake yi a kan hanyar Keffi. Abuja ba garin masana'antu ba ne, garin ofisoshi ne da gine-gine, don haka mai shiga rumfa yana iya zama jami'in sayen kaya na wata ma'aikata, ko ɗan kwangilar gini, ko ma'aikacin ofishin jakadanci, ko magidancin da ya kawo yara yawon Lahadi. Ba a gane su da tufafi. Dattijon da ya shigo da silifa da tsohuwar jamfa yana iya zama mai tireloli goma, kuma yaran kasuwa sun san haka, waɗanda aka ɗauko jiya ne ba su sani ba.

Masu aikin rumfunan ba a Maitama ko Asokoro suke kwana ba. Daga garuruwan gefe suke fitowa da sassafe, Lugbe da Kubwa da Nyanya da Gwagwa da Jiwa, kuma a cikinsu akwai bambanci babba. Akwai mai takardar makaranta da ke jiran aiki, ya iya gaisuwa da Turanci, ya haddace abin da aka rubuta a takardar talla, amma in aka tambaye shi ko injin ban-ruwan nan zai ja daga rijiya mai gaba goma, ko ana samun kayan gyaransa a Zuba, sai ya ce a dawo in oga ya zo. Akwai kuma wanda ya tashi a kasuwa. A Dei-Dei tsarin yaron shago yana nan a wurin Hausawa, ga kuma na 'yan ƙabilar Ibo da ke riƙe yaro shekaru yana koyo kafin a sallame shi da jari. Yaron da ya yi shekara biyar a shagon kwanon rufi yana gane kaurin kwano da yatsa, ya san wane fenti ke jure rana, yana juya harshe daga Hausa zuwa buroka zuwa Turanci gwargwadon wanda ke gabansa, wani ma har da Gwaranci. Su ma 'yan kayi-na-yi, masu tare mai saye a bakin kasuwa su raka shi shago su ci ribar tsakani, suna da idon gane mai saye, sai dai ba su da abin da ya ɗaure su da kayan, shi ya sa masu shago ke amfani da su suna kaffa-kaffa.

Yadda ake biyan mai tsaron rumfa yana nuna irin aikin da zai yi. Wanda ake ba kuɗin yini tsayayye, a yi ciniki ko kar a yi, shi ne ake gani a zaune a lungun rumfa yana latsa waya. Wanda aka ɗora a kan kamasho zalla yakan cika baki, ya yi alkawarin garanti da babu shi, domin ran da kayan za su lalace shi ba ya nan. Masu kaya da suka daɗe a harkar sukan haɗa biyun, sannan su raba aiki yadda tsohuwar kasuwa ta raba. A bakin rumfa a sa masu fara'a da murya su tsayar da mutane. A ciki a ajiye wanda ya san kayan, zai iya kunnawa ya kwance ya ɗaura. A kusa kuma a samu wanda ke da ikon yin rangwame ya ce an sallama ba sai ya buga waya ba, mai kayan ne ko babban yaronsa. Rumfar kayan mata, turare ko atamfa ko kayan gyaran jiki, mace ake sa wa, don akwai tambayar da matar aure ba za ta yi wa saurayi ba. Ana tsara fita salla da cin abinci bi da bi don kada a bar rumfa ba kowa, ana kuma ware mutum ɗaya amintacce ga kuɗi, musamman tun da ciniki ya koma na POS da tura kuɗi ta waya, aka kuma fara fama da alat na bogi. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara tura kowa wannan hanya.

Sauran aikin yana bayan an rushe rumfa. 'Yan kasuwar Kano da ke zuwa baje kolin Canton a ƙasar Sin, wanda ake yi tun 1957, sun saba da yadda masu rumfa a can ke karɓar katin baƙo su maƙala shi a littafi su rubuta abin da ya tambaya a gefe, kafin ya iso gida saƙo ya riga shi. A nan gida ma akan ajiye littafi a kan tebur a rubuta suna da lambar waya, kuma tun zuwan wayar salula a 2001, daga baya WhatsApp, bin sawun mai saye ya yi sauƙi. Sai dai littafin ba ya amfani in wanda ya rubuta shi ɗan kwana goma ne da ya karɓi kuɗinsa ya tafi, domin shi kaɗai ya san wane ne a cikin sunayen ya zo da gaske, wane ne ya rubuta don a ba shi kyautar biro. Shi ya sa ƙananan masana'antu da yawa, masu sarrafa shinkafa ko man gyaɗa ko sabulu, suke zuwa da ma'aikatansu na dindindin ko da biyu ne, su ɗauki 'yan wucin gadi don rabon takarda da ɗaukar kaya kawai, kuma lambar da suke bugawa a jikin leda da kwali ta mutumin da zai ɗaga waya ce bayan wata shida.